Mitin ɗinmu na jiya kan lasisin Creative Commons

Jiya da daddare muka yi mitin ta intanet da wasu 'yan uwa daga Nijar, Kamaru, Ghana da Kenya, wai mu haɗa hannu mu wayar wa marubuta da masu ɗaukar hoto kai kan buɗaɗɗen lasisi irin na Creative Commons (CC), wato izinin da mai aiki ke bai wa jama'a su yi amfani da aikinsa kyauta bisa wasu sharuɗɗa. Wallahi kafin a shiga magana sai da muka sha fama, wannan sabis ɗinsa ya ɗauke, wancan Faransanci kawai yake ji, ni da ɗan Nijar ɗin Hausa ce ta cece mu, haka na zama tafinta ba shiri.

Inda kaina ya ɗaure shi ne maganar doka. Nijar da Kamaru suna cikin OAPI, ƙungiyar kare haƙƙin mallakar fasaha mai hedikwata a Yawunde, Ghana da Kenya suna takwararta ARIPO ta Harare, mu Najeriya ba ma cikin ko ɗaya, muna da dokarmu ta haƙƙin mallaka ta 2022. Na ce to yanzu wace za mu bi? Sai 'yar Kenyan ta tuna mana ai lasisin CC samfurin 4.0 da ya fito a 2013 an tsara shi ne ya yi aiki a ko'ina ba sai an gyara wa kowace ƙasa nata ba, kai sai na ji sanyi.

Wani mai ɗaukar hoto ɗan Kamaru dai bai yarda ba tukuna, tsoronsa a kwashe masa aiki a banza. Mun yi ta bayani cewa da nau'in lasisin da ake kira CC BY-SA hoton nasa ne har gobe, dole a ambaci sunansa, wanda ya sarrafa kuma ya saki da lasisi iri ɗaya. Ya ce zai yi tunani. Ni kuma an ɗora min rubuta bayanin da Hausa kafin Asabar.