Kunnen mussa da injin niƙan Kawu

Shekara goma sha biyar ina gyaran rediyo da amsa-kuwwa a nan Maraɗi, amma sai bana na san kunne ma yana fitar da lantarki. Ƙanena mai karatu a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ne ya tsegunta mini muna shan shayi bayan isha'i, na ce ya raba ni da tatsuniya.

Ashe da gaskiyarsa. A 1930, a Jami'ar Princeton ta Amurka, wasu masu bincike biyu, Wever da Bray, suka sa wa wata mussa maganin barci, suka ɗora waya a jijiyar jinta, suka ja wayar har wani ɗaki. Ɗaya ya yi magana a kunnen mussar, ɗayan ya ji muryarsa a tarho. Katantanwar cikin kunne ke nan, wato wani sashe mai siffar katantanwa can ciki, aikin makirfo take yi, tana mai da ƙara lantarki.

Ni dai dabarar kwamfutar da ake auna jin dabbobi da ita ce ta kama ni. Yanzu ɓeraye da ɓeran Masar ake kwantarwa, a soka musu siraran allurai ƙarƙashin fata, a tsakar ka da bayan kunne. Lantarkin amsar ɗan mitsitsi ne, mitata ta shago ba za ta ko motsa ba, ga na tsoka da na ƙwaƙwalwa sun danne shi. Sai kwamfuta ta riƙa sako ƙara, ƙas, ƙas, sau ɗaruruwa, tana ajiye abin da ya dawo, ta tara ta raba. Hayaniya ba ta maimaita kanta, sai ta cinye juna. Amsar kunne kuwa kullum a lokaci guda take zuwa, sai ta fito fili a allo, tudu da kwari. A yi ta rage ƙarar har tudun ya ɓace, a san iyakar jin dabbar.

Kawuna na tuna, mai injin niƙa. Jiya na ce, "Kawu, ina wuni?" Ya ce, "Tiya nawa ne?"

Ƙwayoyi masu gashi na cikin katantanwa ne ƙara ke kashewa, kuma na mutum ba sa sake tsirowa. Na tsuntsaye suna tsirowa, a ƴan tsaki aka gani wajen 1987. Wato kajin da ke tsince-tsince a gindin injin sun fi mai injin sa'a.

Na kai masa robar toshe kunne. Ya jujjuya ta, ya sa mini albarka, ya jefa aljihu, ya tayar da inji.