Wayar Hajiya ta ƙi karɓar layin Saudiyya

Da Umarar bara na raka mahaifiyata ƙasa mai tsarki. Muna sauka filin jirgin Sarki Abdul'aziz a Jidda, ko kaya ban gama haɗawa ba na nufi rumfunan masu sayar da layi. Kamfanoni uku ne manya a can: STC da Mobily da Zain. Ba a ba ka layi haka kawai, sai ka miƙa fasfo, ka ɗora yatsa a kan na'ura ta ɗauki zanensa, sannan a yi maka rajista. Na sayi guda biyu, nawa da na Hajiya.

Tawa wayar mai layi biyu ce, ina sakawa ta kama. Ta Hajiya kuwa iPhone ce ta hannu da ƙanina ya saya mata a kasuwa, kuma shekara guda tana aiki lafiya lau a gida. Da yaron shagon ya zaro mazaunin layin, sai ga wani ɗan siririn abu kamar ɓawon albasa manne a ƙarƙashin layinta. Ya ɗaga shi ya nuna mini, ya girgiza kai. Ashe wayar a kulle take da wani kamfanin waya na Amurka, wannan ɗan cif ɗin ne yake yaudararta ta karɓi layin Najeriya. Muka saka sabon layin da shi, muka saka babu shi, ko sanda ɗaya ba ta kawo ba.

Abin ya tsaya mini a rai, don ba hira na sayi layin domin ta ba. Tsohuwa mai ciwon gwiwa, ba ta jin Larabci, ga cunkoson Harami inda taku uku ya isa ya raba ka da naka. A Madina ma ƙofofin mata daban suke, ba zan iya bin ta ciki ba.

Da ma kafin mu taso na shiga saitin wayar, wurin da ake nuna bayananta, da na ga ko a buɗe take, domin iPhone tana faɗa ƙarara. Minti ɗaya bai cika ba.

Washegari a Makka na saya mata ƙaramar waya mai madannai, na saka layin, na kira lambata da ita don ta zama ta farko a jerin kira. Na rubuta lambar a kati da sunan masaukinmu, ta rataya a wuya.

"Hajiya, in kin rasa ni, ki danna kore sau biyu, ki tsaya a ƙofar Sarki Fahad, lamba 79."

"To, Allah Ya yi maka albarka."

Layina na gida ban cire shi ba, na dai kashe masa data don kada ya cinye kuɗi, domin ta nan banki ke turo lambar sirri. WhatsApp kuma na bar shi a kan tsohuwar lamba, yana tafiya da datar sabon layi, 'yan gida suna samuna yadda suka saba. Da datar ce na nemi izinin shiga Rauda a manhajar Nusuk.

Rana ta huɗu bayan sallar Isha'i muka rabu a wurin fitowa. Ina cikin waige-waige wayata ta yi ƙara, na ji muryarta a natse tana cewa ga ta nan a bakin ƙofar, in taho mata da ruwan Zamzam.