Boston, sanyi da kukis ɗin firiza

Alhamdulillah na dawo daga Amurka lafiya, bari in baku labari tun kafin zumuɗin ya sake ni. Daga Abuja muka tashi muka ya da zango a Turai, duk wannan ba wani abin faɗa sai ciwon ƙafa. A saukarmu ne wani jami'i ya buɗe min jaka ya ciro kilishin da na yo wa Yaya tsaraba ya wurga a kwandon shara ko kallona bai yi ba, eh na ji doka ce ba a shiga musu da nama, amma haba, ai ko sannu da hanya ka yi wa mutum. Yaji da kuka dai sun tsira.

Yaya a wajen garin Boston suke, a Oktoba na je, ganyen bishiyoyi ya koma ja da ruwan ɗorawa ga wani sanyi da sanyin Jos bai kama ƙafarsa ba. Washegari sai ga maƙwabciyarsu wata tsohuwar baturiya da leda a hannu wai ta zo yi min barka da zuwa. Na leƙa na ga wasu dunƙule-dunƙule kamar fura sun daskare, nace Yaya wannan kuma meye? Tace ke dai kunna oven ki sha kallo. Kafin a haɗa shayi gidan ya ɗauki ƙamshin bota, ashe kukis ne na cakulat da walnut (wani ɗan itace mai kama da gyaɗa), gefensa ƙaras-ƙaras tsakiya kuma laushi.

Na nace sai ta koya min, ta kuwa kira mu kicin ɗinta. Bota kofi 1 ta buga da farin suga da suga mai ruwan ƙasa, kowanne kashi uku cikin huɗu na kofi, ƙwai 2, fulawa kofi 2 da kwata, bekin soda da gishiri ƙaramin cokali ɗai-ɗai, sai ƙananan cakulat kofi 2 da walnut kofi 1 wanda ta fara gasawa sama-sama, tace in ba a gasa ba ƙamshinsa baya fitowa. Abin da ya taɓa min zuciya, vanilla ɗin da suka saba sawa akwai barasa a ciki, dokar ƙasar ma sai da kashi 35 cikin 100 ake kiransa na asali, matar nan da ta ji mu Musulmi ne takanas ta je ta nemo marar barasa. Allah ya shirye ta ya sa ta dace.

Dabarar tana wajen firiza. Za ki ɗebi kwaɓin da cokali ki jera a tire ba tare da sun taɓa juna ba, ki sa a firiza sai sun yi tauri sannan ki juye a leda ki rubuta kwanan wata, in kika zuba da laushinsu haɗewa za su yi. Yana kai wata 3. Ranar gashi ba a jira ya narke, daga firiza sai oven, 350 a ma'auninsu wato wajen 175 a namu, minti 12 zuwa 14, ki cire tsakiyar tana ɗan danshi don yana ƙarasa nuna a kan tire. Ina tsaye ina tunanin firizata ta Kano, a ɗauke wuta kwana biyu kwaɓin ya narke ya zama kunu, in ba sola gare ki ba wlh asarar bota za ki yi. Kuma fa in kika je gidan turawan nan wannan kukis ɗin da shayi shi ne tarbar baƙo gaba ɗaya, ba mai ɗora miki tukunya, mu da baƙo ko ƙarfe goman dare ya zo sai an tuƙa tuwo.

Tsada kuwa, da na juya kuɗin ƙaramar ledar walnut zuwa naira ajiye ta nayi, gyaɗarmu ko kashu za su yi aikin tsaf. Cakulat ma tsohuwar tace ya tashi tun 2024 da koko ya yi tsada a duniya, kuma fiye da rabinsa daga Kwaddebuwa da Ghana yake fitowa, mu ma ga shi nan a Ondo, amma sai sun sarrafa mu sayo da dala. Yaran Yaya ko guda ba sa zuwa da shi makaranta, an hana duk abin da yake da gyaɗa ko irin su walnut saboda yaran da jikinsu baya karɓa.

Mijin Yaya ya kai mu Whitman a kudancin Boston, inda Ruth Wakefield ta fara yin wannan kukis a gidan abincinta Toll House a shekarun 1930. Gidan ya ƙone a 1984, allo kawai muka tarar a bakin titi, ga shi jihar Massachusetts tun 1997 ta ayyana shi a matsayin kukis ɗinta na hukuma. Hoto muka yi muka juyo.

New York a bas muka je, hayaniya da tsada, ban ga abin da zai mayar da ni ba. Dawowa lafiya lau, sai dai cakulat ɗin da na ciko jaka da shi tsakanin Abuja da Kano ya narke ya zama curi guda, yanzu da wuƙa nake sara.