Katin zama a Amurka da doguwar tafiya gida

Da an ji a gida cewa yaro ya samu girin kad, sai a ce ai ya zama ɗan Amurka. Katin izinin zaman dindindin ne kawai. Ka zauna, ka yi aiki a inda ka ga dama, ka biya haraji, amma fasfonka na gida ne kuma ba ka da ƙuri'a a zaɓen tarayya. Shekara 10 katin ke yi, a sabunta shi da fom I-90. Wanda ya same shi ta auren da bai kai shekara 2 ba, na shekara 2 za a ba shi, sai ya tura fom I-751 na neman a mayar masa da shi na shekara 10 cikin kwana 90 na ƙarshe.

Inda mutanenmu ke ƙonewa shi ne tafiya gida. A kira ka cikin dare a ce Baba na kwance, ka hau jirgi zuwa Kano ko Yamai. Jinya ta ja, a yi rasuwa, a yi arba'in, ga rabon gado, ga Inna ba ta son ka tafi. Hukumar shige da fice kuwa kwanakin da ka yi a waje take ƙirgawa. In ka haura wata 6, ana iya tsare ka da tambayoyi a filin jirgi, kuma shekara 5 ɗin da kake tarawa don neman zama ɗan ƙasa na iya rushewa. In ka cika shekara, katin kaɗai ba zai shigar da kai ba, ana iya cewa ka bar zaman da kanka.

Don haka, ɗan'uwa, in ka hango tafiyar za ta yi tsawo, nemi takardar izinin dawowa da fom I-131 tun kana cikin Amurka, don ba a nemanta daga waje. Tana kai shekara 2. Kada ka saki ɗakinka da asusun banki, ka ci gaba da tura takardun haraji a matsayin mazauni.

Abin da ya fi ciwo, katin ba ya kawo iyaye. Mata ɗaya da 'ya'yan da ba su yi aure ba kaɗai za ka iya nema wa. Inna sai ka zama ɗan ƙasa, kana da shekara 21 ko fiye. Kafin nan sai kiran bidiyo, in ta idar da Isha'i, kai kana tsakiyar aiki.