Tsuntsun Steller: goshi da taswira

Aikin da na ɗora wa kaina shi ne tantance hotunan tsuntsun Steller da masu kallon tsuntsaye suka ɗauka, in ware kowanne zuwa reshen jinsinsa. Ɗan dangin hankaka ne, mai tukku, gabansa baƙi, bayansa shuɗi, yana zaune a dazuzzukan tsaunukan yammacin Arewacin Amurka tun daga Alaska har Nikaragwa. Sunan na Georg Steller ne, Bajamushen da ya gan shi a 1741 a tafiyar binciken teku da Vitus Bering ya jagoranta, sai masanin halittu Gmelin ya raɗa masa suna na kimiyya a 1788. Yanzu ana kiransa Cyanocitta stelleri.

Tun a lissafin rassan na fara cin karo da gardama. Sun haura 10, amma littattafan masana ba su yarda da adadi guda ba: wani ya haɗe biyu, wani ya raba. Na zaɓi jeri ɗaya na tsaya a kansa, don in ana tsalle daga wannan zuwa wancan, aiki ba ya ƙarewa.

Goshi ne ya fi yi mini amfani. Na tsaunukan Sierra Nevada a Kaliforniya, wato frontalis, zanen goshinsa shuɗi ne. Na kudancin tsaunukan Roki, macrolopha, zanensa fari ne, da farin tabo a saman ido kamar an ja masa gira, ga tukku dogo. Shi kuwa carlottae na tsibiran Haida Gwaii a Kanada ƙato ne, baƙinsa ya fi na kowa, kuma da wuya ka ga zane a goshinsa. In ka gangara kudu, ka wuce Meziko zuwa Gwatemala da Honduras, sai tukkun ya gajarce, kan ya koma shuɗi, har ka rantse wani tsuntsu ne daban.

Launin jiki kam ban ƙara amincewa da shi ba. Shuɗin gashin ba rini ba ne, yadda haske ke karyewa a kan gashin ne ke kawo shi, saboda haka tsuntsu ɗaya a inuwa da a rana sai ya zama biyu. 'Yan shila kuma launinsu a dushe yake, zanen bai fito ba tukuna. Sai na riƙa duba wuri da watan da aka ɗauki hoton kafin in dubi tsuntsun. Hoton bazara, lokacin sheƙa, ya fi na hunturu daraja, domin da sanyi wasu kan sauko daga tsauni su shiga yankin da ba nasu ba.

Inda rassa biyu suka yi iyaka, nan ne wahalar. Suna barbara da juna, 'ya'yan su fito da rabin alamar nan, rabin ta can. Irin waɗannan na bar su da sunan jinsi kawai, kuma a ganina hakan ya fi a maƙala musu sunan da taswira kaɗai ta bayar.

Bambancin fari da shuɗi a goshi ashe ba ƙarami ba ne. Wani bincike na ƙwayoyin halitta da aka buga a 2022 ya nuna na ɓangaren gaɓar teku masu shuɗin zane da na tsaunukan Roki masu fari sun daɗe da rabuwa, har ana ganin sun isa a ƙirga su jinsi biyu. Shi ya sa na ajiye hotunansu a ma'adanai biyu tun yanzu.