Godiya bayan liyafar ɗakin karatu

Alhamdu lillahi, an gama. Jiya da ƙarfe sha ɗayan dare muka naɗe tabarmar ƙarshe a unguwar Zango, nan Damagaram, kuma yanzu haka da nake rubutun nan ƙafafuna na cikin ruwan ɗumi. Kun bi mu tun damina, lokacin da rufin ɗakin karatun unguwarmu ya yi yoyo, gara ta shige kwalayen littattafai, ba sai na maimaita ba. Gida huɗu, dare huɗu, kowane gida da littafinsa da girkin da ya dace da shi, kowane baƙo ya ba da jika biyu. Kuɗin kwano da siminti sun fito, har da ɗan saura na katakon kantoci.

Daren gidanmu a Birni ne ba zan manta ba. Mu tarihin Damagaram ya faɗo wa, sai muka ce abincin kakanni za a ci: tuwon hatsi da miyar kuka, dambu, fura, a rufe da alkaki. Kwana uku famfo bai ɗigo ba. Ɗan Damagaram ya san wannan, amma sanin abu daban, baƙi na tafe kuma randa ƙaf daban. Da la'asar na leƙa tulun ƙarshe, na ga gindinsa. Wallahi na zauna a kan turmi, hannuna na rawa, ina lissafin wanda zan fara kira in ba shi haƙuri.

Sai ga sallamar Baba mai garuwa, wanda ko aika masa ban yi ba. Ya ji labari a bakin masallaci. Sawu biyar ya yi kafin magariba, tsoho da shi, rigarsa sharkaf. Na miƙa masa kuɗi, ya karɓa, ya ƙirga a gabana, sannan ya taka har inda ƙwaryar gudummawa take ya zuba su duka. Ya ce, "Hajiya, jikata a can take karatun jarrabawa, gidanmu ba fitila." Na rasa bakin magana. Na ce ya zauna ya ci tuwo, ya ce sai ya wanke ƙafa tukuna, da ruwan da shi ya ɗebo. Baba, ka ce kada in faɗa, ga shi na faɗa, ka yafe mini. Allah ya raya maka jikar nan, ya sa ta share maka hawaye, ya shayar da kai daga tafkin Alkausara.

Mushe, tsohon malaminmu na lakwal, na gode. Wuta ta ɗauke kana tsakiyar karanta yadda Sarki Tanimun ya gina ganuwa ya kuma sa aka ƙera igwa a garin nan, sai ka rufe littafin ka ci gaba da ka, yara na haska ka da wayoyi. Ka kawo mu har zamanin Sarki Kuran Daga da shigowar Faransawa a 1899. Akwai samarin da a ranar suka fara jin cewa nan ne babban birnin ƙasa kafin a mayar da shi Yamai a 1926.

Inna mai alkaki, ko dala ba ki karɓa ba, Allah ya kai ki Makka. Matan gidan tatsuniya, waɗanda suka sa ƙanena shigar Gizo har yara suka tsere, kun ba mu dariyar shekara. 'Yan kabu-kabun da suka yi ta jigilar kujeru, da 'yan matan da suka kwana wanke-wanke, Allah ya ba ku abokan zama na gari, ya buɗa muku ta inda ba ku zata ba, ya jiƙan magabatanku, ya sa kowace kalmar da yaro zai karanta a ɗakin nan ta zama haske a kabarinsu.

'Yan uwanmu na Yamai da suka ce lalle da su za a yi, mun ga hannun da kuka ɗaga mana a Facebook. Mun ajiye muku tabarma har dare na huɗu. Ba komai, hanya da nisa.

Magini zai fara cire tsohon rufi ranar Asabar in sha Allahu. Wadda ta bar babbar tukunya mai marfi shuɗi a gidanmu, tana nan a wanke, ta aiko a ɗauka.