Kurciyar tagarmu ta sake yin ƙwai

Kurciyar nan ta ba ni mamaki wallahi. Ta tara 'yan tsinkaye a tagar ɗakina, sheƙar ko kyan gani babu, ta saka farin ƙwai biyu. Da dare ita ke kwanciya a kai, da rana mijin ya karɓe ta. Kwana 14 suka ƙyanƙyashe. Ashe ba hatsi suke fara ba 'ya'yan ba, wani farin abu ne kamar kindirmo da suke amayo musu daga maƙoshi, har uban ma yana yi. 'Ya'yan sun tashi bai fi mako guda ba, yau na leƙa sai ga ƙwai biyu kuma! Hajiya ta ce kada wanda ya buɗe tagar, ni kuwa zafi ya ishe ni.